Yadda ake gane ko bayani ya isa a tambayoyin jimilla da lambobin da suka haura sifili

A jarrabawar GMAT, wadda makarantun koyon harkar kasuwanci da gudanarwa a Amurka, Turai da sauran sassan duniya suke nema daga masu son yin digiri na biyu, akwai wani nau'in tambaya da ba ruwansa da ka fito da amsar lissafi. Za a yi maka tambaya, a ba ka bayani guda biyu, (1) da (2), sai a ce ka faɗi ko abin da aka ba ka ya isa a amsa tambayar ko bai isa ba. Hukumar GMAC ce ke shirya jarrabawar, wadda aka fara yi tun 1954. A sabon tsarin da aka fito da shi a watan Nuwamba na 2023 an cire waɗannan tambayoyi daga sashen lissafi, an mayar da su sashen nazarin bayanai, inda ake amsa tambayoyi 20 cikin minti 45. Kowace tambaya ke nan tana da minti biyu da daƙiƙa 15 idan aka raba daidai. Akwai kalkuleta a kan allon kwamfuta a wannan sashe, amma a irin tambayoyin da za mu duba da wuya ta tsinana maka wani abu.

Zaɓin amsa guda biyar ne, kuma ba sa canzawa. A na nufin bayani na (1) kaɗai ya isa, na (2) kaɗai bai isa ba. B na nufin na (2) kaɗai ya isa, na (1) kaɗai bai isa ba. C na nufin babu wanda ya isa shi kaɗai, amma idan aka haɗa su sun isa. D na nufin kowanne ya isa da ƙafarsa. E na nufin ko an haɗa su ba su isa ba. Ka haddace su tun a gida. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa yana sake karanta waɗannan layuka biyar a kowace tambaya ya yi asarar lokacin da ba zai dawo ba.

Tambayoyin da suka shafi jimilla suna da wata ɗabi'a tasu. Kusan kullum akwai wani ɗan sharaɗi a farkon tambayar, kamar a ce "idan x da y sun haura sifili", ko "idan a, b da c cikakkun lambobi ne da suka haura sifili". Ido yakan tsallake shi don yana gaggawar zuwa ga bayanan biyu. Amma wannan sharaɗi bayani ne na uku da aka ba ka kyauta, kuma sau da yawa shi ne ke yanke hukunci tsakanin A da C, ko tsakanin C da E.

Fara da sharaɗin, ka rubuta shi

Kafin ka kalli (1) da (2), ɗauki alƙalami ka rubuta abin da aka ce game da lambobin. Abu uku kake nema. Sun haura sifili, ko ba a faɗa ba? Cikakkun lambobi ne irin 1, 2, 15, ko guntaye irin ½ da 0.3 suna iya shigowa? An ce sun bambanta da juna, ko biyu suna iya zama ɗaya? Duk abin da ba a hana ba, an halatta shi. Idan ba a ce x cikakkiya ba ce, to tana iya zama 2.5. Idan ba a ce x da y sun bambanta ba, to duka biyun suna iya zama 4, ko da kuwa an ba su baƙaƙe daban-daban.

Sifili kanta ba ta haura sifili ba, ba ta kuma gaza ba. Don haka "ta haura sifili" da "ba ta gaza sifili ba" maganganu ne daban: ta biyun ta bar wa 0 ƙofa a buɗe, ta farkon ta rufe.

Ga misali. An ce x da y sun haura sifili. Shin x ta gaza 7?

(1) x + y = 7
(2) xy = 10

Wanda bai kula da sharaɗin ba zai ga baƙaƙe biyu (x da y) da daidaito biyu (layukan lissafi masu alamar =), ya ce sai an haɗa, ya zaɓi C. Mu duba a hankali. Bayani na (1) ya ce x ita ce 7 a ɗebe y. Tunda y ta haura sifili, ko da ƙanƙanuwa ce kamar 0.001, an dai ɗebe wani abu daga 7, don haka x ba za ta kai 7 ba. Ba mu san x ba, ba ma buƙatar saninta. Amsar tambayar "e" ce a kowane hali, bayani na (1) ya isa. Bayani na (2) kuwa ya yarda da x = 5, y = 2, inda amsa take "e", ya kuma yarda da x = 10, y = 1, inda amsa take "a'a". Bai isa ba. Amsa A ce.

Yanzu share sharaɗin, ka bar sauran yadda suke. Bayani na (1) ya rushe nan take, don x = 9 da y = −2 su ma jimillarsu 7 ce. Sai an haɗa bayanan biyu a ga cewa lambobin 2 da 5 ne, kuma ko wacce ce x a cikinsu ta gaza 7. Amsa ta koma C. 'Yan kalmomi a farkon tambaya suka canza ta.

Ka saurari kowane bayani shi kaɗai

Ka ɗauki kanka alƙali mai shaidu biyu: kana jin na farko ba tare da na biyu yana ɗakin ba, sannan ka ji na biyu kamar ba ka taɓa jin na farko ba, kuma ba ka haɗa maganarsu sai idan kowannensu ya gaza shi kaɗai. Wahalar tana wurin na biyun. Da zarar ka ga x + y = 7, adadin ya maƙale maka a kai, sai ka tarar kana gwada bayani na (2) da 2 da 5 kawai. Maganinsa ka ja layi a takardar gwajinka, (1) a gefe ɗaya, (2) a ɗaya gefen, sharaɗin tambaya a sama don shi kaɗai ne ya shafi ɓangarorin biyu.

Idan (1) ya isa, amsa A ce ko D, sauran ukun sun fita. Idan bai isa ba, B ce ko C ko E. Ko da lokaci ya ƙure maka bayan ka gama da bayani ɗaya, cankenka ya koma tsakanin biyu ko uku maimakon biyar.

Me ake nufi da "ya isa"? Idan tambayar tana neman adadi, to bayanin ya kai ka ga adadi ɗaya tak. Idan tambayar ta "e ko a'a" ce, to ya kai ka ga amsa ɗaya a kowane hali. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe, don "a'a" tabbatacciya ita ma isasshiyar amsa ce. A ce x da y cikakkun lambobi ne da suka haura sifili, a tambaye ka ko jimillarsu tana rabuwa biyu daidai, a ba ka xy = 14. Hanyoyin biyu ne kawai: 1 da 14, jimilla 15, 2 da 7, jimilla 9. Duka mara ne. Amsa "a'a" ce ba shakka, don haka bayanin ya isa.

Aikinka a kan kowane bayani shi ne ƙoƙarin karya shi. Kada ka tsaya neman misalin da ya yi daidai da abin da zuciyarka ta riga ta ba ka. Nemi misalai biyu da suka cika sharaɗi amma suka ba da amsoshi daban. Idan ka same su, magana ta ƙare, bai isa ba. Idan ka nema ka rasa, sai ka tambayi kanka dalilin da ya sa ba za a samu ba.

Iyakar ƙasa ita ke haifar da iyakar sama

Wannan shi ne ginshiƙin batun. Idan jimilla a tsaye take, kuma kowace lamba tana da mafi ƙanƙantar abin da za ta iya zama, to kowace lamba tana da mafi girman abin da za ta iya zama. Don ka san iya tsawon da ɗaya za ta kai, ka danne sauran har ƙasa, abin da ya rage nata ne.

A ce a, b, c cikakkun lambobi ne da suka haura sifili, kuma a < b < c. Nawa ce c?

(1) a + b + c = 7
(2) abc = 8

Baƙaƙe uku, daidaito ɗaya a kowane bayani. A aji an koya mana cewa ba a warware irin wannan. Amma duba: mafi ƙanƙantar jimillar da cikakkun lambobi uku mabambanta za su iya bayarwa ita ce 1 + 2 + 3 = 6. An ba mu 7, ɗaya ke nan kacal aka ƙara. Ina za a sa wannan ɗayan? Idan aka ƙara wa a, ta zama 2, ta yi karo da b. Idan aka ƙara wa b, ta zama 3, ta yi karo da c. Sai dai a ƙara wa c: 1, 2, 4. Bayani na (1) ya isa. Na (2) kuma, hanyoyin samun 8 daga ninka lambobi uku su ne 1 × 1 × 8, 1 × 2 × 4 da 2 × 2 × 2, kuma ta tsakiyar ce kaɗai lambobinta suka bambanta. Shi ma ya isa. Amsa D.

Da jimillar 8 ce, da labari ya sha bamban, don 1, 2, 5 da 1, 3, 4 duk sun shiga. Abin lura shi ne kusancin jimillar da mafi ƙanƙantar abin da zai yiwu. Duk lokacin da ka ga an ba da jimilla 'yar ƙarama tare da sharaɗin cikakkun lambobi mabambanta, ka yi zargin cewa filin ya matse sosai, ka zauna ka lissafa hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Yana da kyau ka riƙe a kai cewa lambobi huɗu mabambanta ba sa gaza 10, biyar ba sa gaza 15, shida ba sa gaza 21.

Ga wata mai ɗan nauyi. Cikakkun lambobi biyar da suka haura sifili matsakaicinsu 8 ne. Shin babbar cikinsu ta gaza 15?

(1) Ƙaramar cikinsu 6 ce.
(2) Babu biyu da suke daidai da juna.

Matakin farko, mayar da matsakaici zuwa jimilla: 5 × 8 = 40. Kullum ka yi haka, don jimilla ta fi sauƙin sarrafawa. A bayani na (1), danne huɗu zuwa ƙasa: 6, 6, 6, 6, jimillarsu 24, saura 16 ga babbar. Amsa "a'a". Amma 6, 8, 8, 9, 9 ma 40 ce, amsa "e". Bai isa ba. A bayani na (2), ka manta da 6 ɗin nan: 1, 2, 3, 4, 30 ta ba da "a'a", 6, 7, 8, 9, 10 ta ba da "e". Bai isa ba. Idan an haɗa, ƙaramar 6 ce kuma babu maimaici, don haka huɗun farko ba za su gaza 6 + 7 + 8 + 9 = 30 ba, babbar kuma ba za ta wuce 10 ba. Amsa C. Za mu sake taɓa wannan tambaya a gaba, don akwai sauran abin tatsa a jikinta.

Daidaito ɗaya, baƙaƙe biyu

Wani lokaci ba a rubuta sharaɗin a fili, ana ɓoye shi ne a cikin labari. Idan tambaya tana ƙirga mutane, motoci ko akwatuna, an gaya maka ke nan cewa cikakkun lambobi ne, don babu rabin mota ko kwatar mutum.

A ce an loda akwatuna iri biyu a mota, ƙanana masu kilo 5 da manya masu kilo 8, kuma akwai aƙalla ɗaya daga kowane iri. Ƙanana nawa ne?

(1) Nauyin kayan gaba ɗaya kilo 44 ne.
(2) Ƙananan sun fi manyan yawa da akwati ɗaya.

Bayani na (2) a fili yake bai isa ba: 2 da 1, 4 da 3, 10 da 9, duk suna yiwuwa. An ajiye shi ne don ya ja ka zuwa C. Idan x ce yawan ƙanana, y kuma yawan manya, bayani na (1) ya ce 5x + 8y = 44. Fara gwaji da mai babban nauyi, don hanyoyinsa sun fi ƙaranci: y ba za ta wuce 5 ba. Idan y = 1, saura 36. Idan 2, saura 28. Idan 3, saura 20. Idan 4, saura 12. Idan 5, saura 4. A cikinsu 20 ce kaɗai 5 ke rabawa ba saura. Ƙanana 4, manya 3. Amsa A.

Kada kuma ka mayar da wannan doka, ka riƙa cewa daidaito ɗaya kullum ya isa idan lambobin cikakku ne. Da nauyin kilo 93 ne, da akwai hanyoyi uku: ƙanana 17 da babba 1, ƙanana 9 da manya 6, ƙarami 1 da manya 11. Ka lura da tazarar: duk lokacin da aka cire ƙanana 8 aka sa manya 5, nauyin bai motsa ba, don duka kilo 40 ne. Wannan ya ba ka hanyar bincike mai sauri. Da ka sami amsa ɗaya, ka gwada musanya 8 da 5 ɗin nan ta gaba da ta baya, ka ga ko lambobin za su ci gaba da zama sama da sifili. A misalin kilo 44, ƙanana 4 ne kacal, babu 8 da za a cire. Manya 3 ne, babu 5 da za a cire. Amsar ke nan ɗaya ce. Idan lambobin nauyin biyu suna da wata lamba da ke raba su duka, kamar 6 da 8, sai ka fara rage su zuwa 3 da 4 kafin ka yi musanyar, in ba haka ba za ka tsallake wasu amsoshi.

Akwai kishiyar wannan tarko, ita ma tana yawan fitowa: daidaito biyu da a zahiri ɗaya ne. Idan (1) ya ce 2x + 3y = 18, (2) ya ce 6x + 9y = 54, na biyun na farkon ne aka ninka sau uku. Bai ƙara komai ba. Har da sharaɗin cikakkun lambobi, 6 da 2 sun shiga, 3 da 4 sun shiga. Amsa E.

Lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11, suna da tasu dabarar a jimilla. Dukansu mara ne ban da 2. Don haka idan jimillar biyu daga cikinsu mara ce, dole ɗaya 2 ce: jimilla 19 na nufin 2 da 17, babu wata hanya. Jimilla 16 kuwa tana iya zama 3 da 13 ko 5 da 11.

Filin da ke tsakanin sifili da ɗaya

Idan an ce lambobi sun haura sifili amma ba a ce cikakku ne ba, to a ganina rabin tarkon yana tsakanin 0 da 1. A can lissafi yakan juya wa abin da muka saba baya. Ninka ½ da kanta, ka sami ¼, ta ragu. Ninka 10 da 0.2, ka sami 2, ta ragu. Wanda yake gwaji da 2, 3 da 10 kawai ba zai taɓa ganin wannan ba.

An ce x da y sun haura sifili. Shin x² + y² ta fi x + y?

(1) x + y > 1
(2) x > y

Da 3 da 2, ana samun 13 a gefe ɗaya, 5 a ɗaya gefen: "e". Lambobin sun cika sharuɗɗan bayanan biyu. Yanzu shiga cikin guntaye: x = 0.8, y = 0.5. Jimillarsu 1.3, ta wuce 1, kuma x ta fi y. Amma 0.64 + 0.25 = 0.89, wadda ba ta kai 1.3 ba: "a'a". Tunda waɗannan misalai biyu sun cika (1) da (2) a lokaci guda, sun karya kowane bayani shi kaɗai, sun kuma karya haɗinsu. Amsa E, da gwaji biyu kacal. Wannan dabara ce mai rage aiki: idan kana zaɓen lambobin gwaji, ka fifita waɗanda suka dace da bayanan biyu, don su yi maka aiki har sau uku.

Da bayani na (1) ya ce x + y > 2, da ya isa. Dalili shi ne x² + y² ba ta taɓa gaza rabin (x + y)², kuma rabin (x + y)² yana fin x + y da zarar jimillar ta wuce 2.

Wata kuma. An ce x da y sun haura sifili. Shin x + y ta fi xy?

(1) x + y = 4
(2) y < 1

A bayani na (1), gwada 1 da 3: jimilla 4, ninki 3, "e". Gwada 0.5 da 3.5: ninki 1.75, "e". Gwada 1.9 da 2.1: ninki 3.99, har yanzu "e". Mai gaggawa ya gamsu. Amma ba a ce sun bambanta ba. Da x = 2, y = 2, jimilla 4, ninki 4, kunnen doki. Tambayar ta ce "ta fi", kuma 4 ba ta fi 4 ba, amsa "a'a". Misali ɗaya tak a duk faɗin filin, kuma ya isa ya rushe bayanin. Ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa tana da amfani a wurare da yawa: idan jimillar lambobi biyu a tsaye take, ninkinsu yana kai ƙololuwa ne lokacin da suka zama daidai da juna. Don haka duk inda aka haɗa jimilla da ninki, ka gwada rabi-da-rabi.

A bayani na (2), gwaji zai yi ta ba ka "e", amma gwaji ba hujja ba ne. Ga hujjar: tunda y ta haura sifili kuma ba ta kai 1 ba, xy guntun x ce, ba ta kai x ba. Ita kuwa x + y ta wuce x. Abin da ya wuce x dole ya fi abin da bai kai x ba. Ya isa. Amsa B.

Idan jimillar ake nema, ba lambobin ba

Tambaya tana iya cewa "nawa ce x + y?" ba tare da akwai hanyar sanin x ko y ɗai-ɗai ba. A ce sun haura sifili, (1) ya ce x² + 2xy + y² = 49, (2) ya ce x² − y² = 21. Na farkon shi ne (x + y)² = 49, wato jimillar 7 ce ko −7. Lambobi biyu da suka haura sifili jimillarsu ba ta zama ƙasa da sifili, don haka 7 ce. Ya isa, albarkacin sharaɗin. Na biyun shi ne (x + y)(x − y) = 21, wanda 5 da 2 suka cika da jimilla 7, 11 da 10 suka cika da jimilla 21. Bai isa ba. Amsa A. Waɗannan siffofi, (x + y)², (x − y)² da x² − y², ya kamata idonka ya riƙa gane su daga nesa, a buɗe ko a naɗe.

Idan ba a ba ka sharaɗin ba

Wani lokaci tambayar ce take neman ka tabbatar da shi. Shin x ta haura sifili? (1) x + y > 0. (2) xy > 0. Jimilla sama da sifili ba ta nuna cewa duka biyun suna sama ba: −1 da 5 sun isa shaida. Abin da take nunawa kawai shi ne aƙalla ɗaya tana sama. Ninki sama da sifili yana nuna cewa suna gefe ɗaya, ko duka sama ko duka ƙasa. Idan an haɗa, suna gefe ɗaya kuma aƙalla ɗaya tana sama, don haka duka suna sama. Amsa C.

Haka nan idan (1) ya ce x + y > 0, (2) ya ce x − y > 0, kana iya tara su tunda bakin alamominsu yana kallon gefe guda: 2x > 0, wato x ta haura sifili. Tarawa ta halatta. Ɗebe ɗaya daga ɗaya kuwa bai halatta ba, don haka daga waɗannan bayanai ba ka da ta cewa game da y: 5 da 2 sun cika su, 5 da −2 ma sun cika su.

Wani abin dubawa da zai cece ka: bayanan biyu a wannan jarrabawa ba sa ƙaryata juna. Idan (1) ya ba ka c = 4, (2) ya ba ka c = 6, to kuskuren daga lissafinka yake, koma ka duba. Idan kuma tambaya ta cinye maka fiye da minti uku, zaɓi daga abin da ya rage, ka yi mata alama ka wuce. Sabon tsarin ya yarda ka dawo a ƙarshen sashe ka canza amsa har guda uku, muddin akwai sauran lokaci.

Yadda za ka horar da kanka

Warware tambayoyi ɗari a guje bai kai zama da tambaya goma kana jujjuya su amfani ba. Bayan ka sami amsa, canza sharaɗi ɗaya ka sake warwarewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan ne za ka ga wace kalma ce take ɗauke da nauyin tambayar.

Ɗauki ta lambobi biyar masu jimilla 40. Cire sharaɗin cewa cikakku ne, ka bar su sun haura sifili kawai. Haɗin bayanan biyu yanzu ya yarda da 6, 6.1, 6.2, 6.3 da 15.4: ƙaramar 6 ce, babu maimaici, jimilla 40, amma babbar ta wuce 15. Ya kuma yarda da 6, 7, 8, 9, 10. Amsa ta tashi daga C ta koma E. Mayar da sharaɗin, ka canza 15 ɗin tambayar zuwa 16. Bayani na (1) har yanzu bai isa ba, don 6, 6, 6, 6, 16 tana nan, kuma 16 ba ta gaza 16 ba. Amsa tana nan a C. Ƙara ɗaya kawai, tambayar ta zama ko babbar ta gaza 17. Yanzu bayani na (1) ya isa shi kaɗai, tunda iyakar babbar 16 ce, na (2) kuwa har yanzu ya yarda da 1, 2, 3, 4, 30 da kuma 6, 7, 8, 9, 10. Amsa ta zama A.